Yatsa Huɗu na Siminti

Na ji abin da kuka ce ranar Talata, kada ku zaci ni kurma ne. Wai aikin Kawu Lawal shara ce da hura ƙwallo, wai duk wanda aka miƙa ma tsintsiya zai iya. To madalla. Tunda kocinku bai iso ba, ku zauna nan bisa benci in ba ku labarin kakar wasa ɗaya tak da ƙungiyarmu ta taɓa yi a babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, da yadda mai shara ya kashe ƙungiyar, ya kuma raba yaron da ya fi kowa hannu a filin nan da wasan da ya iya. Kai mai waya a kunne, cire ta. Mai sharar da nake faɗi ni ne.

Aikin farko da Baba Isiya ya ba ni kwasar yashi ne. Baba Isiya shi ke kula da filin nan kafin ni. Tsohon soja ne, a bariki ya koyi wasan, kuma bai iya yabo ba sam. Wata uku ina shara bai bar ni na taɓa ko famfon hura ƙwallo ba. In na gama sai ya tuɓe takalmi ya bi filin da tafin ƙafa, daga wannan kwando zuwa wancan, a hankali. Inda duk tsakuwa ɗaya ta soke shi sai ya tsaya ya kira ni.

"Lawal, zo nan. Wannan mene ne?"

"Yashi ne, Baba."

"Ba yashi ba ne, ƙafar ɗan mutane ce. Nan zai juyo da gudu, nan zai zame, nan idon sawunsa zai tafi. Sake."

Sai in sake daga farko, ina zaginsa a zuci. Daga baya na gane shara iri biyu ce. Akwai ta busasshiyar tsintsiya, wadda ke tada ƙura ta jira ka wuce ta koma ta kwanta bayanka, irin wadda kuke yi in an ce ku taimaka. Akwai kuma ta tsintsiya mai laima, wadda ake ja gefe ɗaya kawai, iska na bayanka, layi bayan layi har ka fita daga fili.

Hura ƙwallon da kuke ma dariya, shekara guda na yi kafin ya yarda da hannuna. Allurar famfo ba a cusa ta a bushe, sai ka jiƙa ta, in ba haka ba ka yaga bakin robar, ƙwallo ta riƙa sacewa cikin wasa. Ƙwallon da ka hura da safe ba ita ce ta la'asar ba, rana na kumbura ta. Na taɓa barin jakar ƙwallaye guda cikin rana, Baba Isiya ya sa na sace su duka na sake hurawa ɗaya bayan ɗaya, yana zaune yana cin goro. Ka ɗaga ta daidai kanka ka sake: in ta dawo maka wajen ƙirji ta yi, in ta wuce ka rage, in ta tsaya a ƙugu ka ƙara. Raga kuma da hannu muke saƙa ta da farar igiya, maƙalai goma sha biyu ne jikin zoben ƙarfen. In ka matse ta sai ta riƙe ƙwallo, wasa ya tsaya ana zungura. In ka sake ta da yawa ƙwallo ta wuce shiru, mai jifa bai ji daɗin jifansa ba. Ni yanzu ko baya na ba kwando, da kunne nake sanin inda ƙwallo ta bugi zobe, gaba ne, baya ne, ko gefe.

Amma babban kayan aikin Baba Isiya gora ce. Doguwar gora, shi ya yanke ta da kansa, ƙafa goma cif, ya sa maƙeri ya yi mata hular ƙarfe sama da ƙasa don kada ta cinye. Farkon kowace kaka, da bayan damina, da duk ranar da wani ƙato ya yi lilo da zobe, sai ya ɗauko ta ya tsayar jikin kwando. Dole kan gorar ya zo daidai da saman zoben, ba ƙari ba ragi.

Yakan ce mani, "Ƙafa goma ne, Lawal, nan da ko'ina a duniya. Hannun mai jifa ba shi da ido. Abin da ka saba mashi da shi, shi zai yi ta yi."

Bayan rasuwarsa na ci gaba da yi. Shekara da shekaru ina tsayar da gorar nan, ko sau ɗaya ba ta samu kwando da laifi ba, don turakun ƙarfen da ke riƙe da allo an kafa su da zurfi can bayan layi. Sai na fara cewa idona ya isa. Mutane ma suka taya ni: ai Kawu Lawal da kallo yake awo. Daɗin bakin nan ya shige ni. Rannan na ɗauki gorar na kai gida Ƙofar Ƙwaya don kada a sace, mai ɗakina ta ga ta yi daidai da tokare igiyar shanya, shi ke nan ta zauna can.

Masu cinikina 'yan wasa ne, kuma ba a yi masu gwaninta. Wanda ya jefa bai ci ba, ƙwallo ce ta yi tauri. Wanda ya faɗi da kansa, Kawu ne bai share ba. Akwai wani da ya taɓa sa ni na sauya raga sau biyu rana ɗaya, wai launinta ke ɗauke mashi ido, alhali shi ne ya kwana bai yi barci ba wajen biki. Ku ma haka kuke, kada ku yi mani wannan murmushin. Cikin ƙorafi goma tara ƙarya ce, shi ya sa a hankali na daina sauraren kowanne.

Shekarar da nake ba ku labari, ƙungiyarmu ta haura babbar gasa, abin da muka daɗe muna nema. Aka fara ba yara albashi, aka ɗinka masu riguna da suna a baya, aka samu bas. Dokar gasar kowa ya san ta: waɗanda suka ƙare a ƙasa za su koma inda suka fito. Filinmu kuwa ya tsattsage, har ciyawa na fitowa ta tsaga. Wani Alhaji mai son wasa daga unguwar Gobarau ya ce abin kunya ne baƙi su zo su ga haka, zai yi mamu sabon daɓe. Allah Ya saka mashi, shi alheri ya yi.

Magini ya zo ya duba, ya ce ba sai an fasa tsohon ba, a bar shi ya zama gindi, a zuba sabo bisa shi, kaurin yatsa huɗu don kada ya sake tsagewa. Na ce ya yi. Ni na tsaya bisa aikin. Sati biyu ina ba simintin nan ruwa safe da yamma, ina rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Da ya bushe na ɗauko tef ɗin awo da zare da alli na fidda layuka: tsawo, faɗi, da'irar tsakiya, layin jifa, babban bakan nan na maki uku. Kowane layi sau biyu na auna shi, wani sau uku. Na gauraya fenti da ɗan lallausan yashi don kada ya yi santsi. Kwana huɗu ina durƙushe har gwiwata ta saɓule. Duk abin da ke ƙasa na auna shi. Turakun kwando kuwa ba wanda ya taɓa su, suna nan inda suke, don haka ban ga dalilin ɗaga kai ba. Na ga wasunku sun fara ganewa. Ku yi shiru, ni kusan shekara ta ɗauke ni.

Sagir ɗan wani mai sayar da yadi ne a Babbar Kasuwa. Ba dogo ba ne, cikin 'yan wasa ma gajere za a ce mashi. Shiru-shiru, in zai gaishe ka sai ya durƙusa. Amma hannu! Na ga masu jifa da yawa a filin nan, ban taɓa ganin wanda ƙwallo ke barin yatsunsa kamar shi ba. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya gaggawa, kullum iri ɗaya. Mahaifinsa bai so wasan ba. Ana saura kwanaki a fara kaka ya zo filin nan da kansa cikin babbar riga, ya same ni ina ɗaura raga. Na sauko daga tsani muka gaisa, muka tambayi iyali da kasuwa da gajiya, sannan ya ce:

"Malam Lawal, an ce mani kai ne babba a wurin nan. Yaron nan shi ne babban ɗana, shago na jiransa. Na ba shi kaka ɗaya. In wasan nan sana'a ce da za ta riƙe shi, in gani a shekarar nan, in sa mashi albarka. In ba haka ba ya dawo ya kama aiki."

Na ce, "Alhaji, ka bar mani shi. Wallahi hannun nan sai ya kai shi inda ni da kai ba mu taɓa zuwa ba."

Har da rantsuwa na yi mashi.

Kullum bayan asuba ni da Sagir ne a fili. Aikina in tsaya ƙarƙashin kwando in cafe ƙwallo in mayar mashi daidai ƙirji, shi kuma ya yi ta jifa, ɗari biyu, ɗari uku, har rana ta fara zafi. Ranar farko bisa sabon daɓe na ji abin da ban saba ji ba: ƙwallonsa na bugun bayan zobe. Jifa bayan jifa tana wucewa kaɗan. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Na ce mashi sabon fili ne, ƙafarka ba ta saba ba, rage ƙarfi kaɗan. Ya rage, don yaro ne mai jin magana. Cikin kwana goma ya gyara hannunsa tsaf, raga ta dawo tana kukanta mai daɗi, ni kuma ina ta jin kai wai na iya koyarwa.

Wasan farko a gida muka yi. Jami'in da aka turo duba fili ya san ni tun zamanin Baba Isiya. Ya ce, "Kawu, komai daidai?" Na ce, "Haba, a filina?" Ya sa hannu a takarda. Ranar Sagir ya yi abin da har yau tsofaffin 'yan kallo ke faɗi, duk inda ya tsaya ya jefa sai ciki. Baƙin kuwa jifansu ya yi ta wucewa yana bugun baya, muka ce rana ce da ihun Katsinawa suka ruɗa su. Aka ɗauki Sagir bisa kafaɗa har bakin titi.

Sati na gaba muka tafi wasan waje, tafiyar yini guda a bas. Babban ɗaki ne mai daɓen katako da fitilu. Jifan Sagir na farko da kunne na fara jinsa: ƙwal, gaban zobe. Na biyu, ƙwal, gaban zobe. Haka har aka tashi. Hannun na tafiya yadda ya saba, ƙwallo ta miƙe sak ba ta karkace ba, sai dai kullum saura ƙiris ta kai. Aka ci mu. A bas kowa ya kawo nasa dalili, wannan ya ce gajiya, wancan ya ce fitila, wani ya ce ƙwallon fata ce ba su saba ba. Ni kuwa da babban bakina na miƙe na ce, "Ku ƙyale su, macuta ne. Ɗaga kwandonsu suka yi. Ni da idona na gani." Tunda daga bakin Kawu Lawal ta fito, kowa ya yarda. Gari uku muka je, gari uku na ce sun ɗaga kwando. Tef ɗina na cikin jakar da nake rataye da ita duk tafiyar nan, ban taɓa fiddo shi ba, kuma ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi ƙasa guda ta haɗa baki don ta cuce mu ba.

Haka kakar ta yi ta tafiya. A waje a ci mu, a gida mu ɗan farfaɗo. A gidan ma ba kullum ba, don manyan ƙungiyoyi in jifa ya ƙi masu sai su bar shi su shigo ƙarƙashin kwando da ƙarfin tsiya. Ga shi kuma zagayen ƙarshe gaba ɗayansa a gari guda za a tara ƙungiyoyi a yi shi, nesa da filinmu.

Abin da ya fi ci mani rai har yau shi ne wannan. Malalatan ƙungiyar, masu zuwa atisaye a makare suna hamma, abin bai taɓa su sosai ba, dama hannunsu bai zauna ko'ina ba. Sagir da ya fi kowa ƙwazo shi ya fi kowa lalacewa. Koci Haruna, mai horar da su, mutumin kirki ne, amma magani ɗaya ya sani: a ƙara atisaye. Duk sanda muka dawo an lallasa mu sai ya ce Sagir ya ƙara jifa ɗari da safe. Sai ya ƙara. Wa ke miƙa mashi ƙwallon? Ni. Kowace safiya da hannuna nake ƙara dasa mashi kuskuren, ina cewa, "Yauwa, haka, kada ka canza komai."

Gari kuma ya fara magana. Aka sa mashi suna Jarumin Gida. Wasu suka ce saye shi aka yi, wasu suka ce sammu ne, mahaifiyarsa ta yi ta aiko mashi da rubutu a kwalba. Ya rame. Yaron da ba ya kallon ƙwallo ya koma yana jujjuya ta a hannu kafin ya jefa.

Wata safiya, ana saura sati biyu mu tafi zagayen ƙarshe, ya ajiye ƙwallo ya yi tsalle ya kama zoben da hannu ɗaya, ya sauko. Ya daɗe yana kallon sama.

"Kawu, bara da ƙyar nake shafar zoben nan da kan yatsa. Yanzu kama shi nake."

"To ka ƙara tsalle mana. Ka gode ma Allah."

"A filayen waje kuma ba na iya kama shi, Kawu. Na gwada a gari biyu." Sannan ya ce a hankali, "Don Allah ko za a ɗan auna namu?"

Wallahi da ɓarawo ya kira ni da bai fi mani zafi ba. Ga sauran 'yan wasa sun fara isowa suna ɗaure takalmi, duk suna ji. Na yi jifa da ƙwallon da ke hannuna.

"Ni za ka koya ma aikina? Kai da aka haifa jiya? Tun ba a san za a yi ka ba nake filin nan! Kwando lafiyarsa lau. Zuciyarka ce ba ta da ƙarfi. In ka ga taron baƙi gwiwarka ke yin sanyi, shi ya sa jifanka ba ya kaiwa. Tsoro ne, Sagir. Kowa ya gani, ni kaɗai ne nake jin nauyin faɗa maka."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Kawu. Ban faɗa don raini ba."

Ya ɗauki ƙwallo ya koma layi, bai sake tada maganar ba. Daga filin nan zuwa gidana ko kabu-kabu ba sai na hau ba. Da na je na ɗauko gorar nan ranar, da mai walda ya gama aiki kafin azahar, da sati biyu sun ishi hannu irin nasa ya dawo daidai. Ban je ba.

Wasan ƙarshe shi ne na rai ko mutuwa: in mun ci mu zauna a gasar, in an ci mu mu faɗi. Koci Haruna ya raɗa mani cewa akwai mai horar da wata babbar ƙungiya ta kudu cikin 'yan kallo, ya ji labarin Sagir ya zo ya gani da idonsa. Yaran nan sun yi wasa ranar, ba zan ci haƙƙinsu ba. Dogayenmu suka yi ta kokawa ƙarƙashin kwando, ɗaya har da fashewar gira, na ɗaure mashi ya koma. Saura daƙiƙa kaɗan a tashi, suna gabanmu da maki ɗaya, Sagir ya kutsa, aka buge mashi hannu, alƙalin wasa ya busa. Jifa biyu daga layi, ba mai tare shi. In ɗaya ta shiga an yi kunnen doki a ƙara lokaci, in biyu suka shiga mun tsira.

Ina zaune ƙarshen benci da jakar ƙwallaye tsakanin ƙafafuna. Na ga ya tsaya, ya buga ƙwallo ƙasa sau uku, ya lanƙwasa gwiwa. Ku ji ni da kyau, yaron nan bai ji tsoro ba. Na san hannunsa fiye da nawa. Jifan da ya yi shi ne wanda muka yi sau dubbai da asuba, bai kauce ko kaɗan ba. Ƙwal, gaban zobe. Aka miƙa mashi ta biyu. Na rufe ido, kunnena ne dai ban iya rufewa ba. Ƙwal.

Muka faɗi. Mutumin kudu ya fita tun ba a gama gaisawa ba. Cikin wata biyu masu ɗaukar nauyin ƙungiya suka janye, bas ta koma inda ta fito, yara suka watse, wasu kabu-kabu, wasu gona, Koci Haruna ya koma koyarwa a makaranta. Ba mu sake leƙa babbar gasa ba har yau da nake maku magana. Sagir ko sallama bai yi ma filin nan ba. Washegarin dawowarmu ya tafi shago.

Da damina ta faɗi, rina suka yi gida bayan allon kwandon gabas, suna ta harbin mutane. Na rasa abin da zai kai wurin, sai na tuna da gorar. Na je gida na zare ta daga igiyar shanya, mai ɗakina na ta faɗa, na zo na kakkaɓe gidan rinar. Da na gama, hannuna da kansa, don sabon da, ya tsayar da ita jikin zobe. Na ɗaga kai. Kan gorar ya wuce zoben. Na ce ƙasa ce ba daidai ba, na matsa gefe. Ya wuce. Na ruga kwandon yamma. Ya wuce. Na jawo tsani na hau, na sa hannu tsakanin kan gora da zobe: yatsa huɗu. Daɓe ya hau, kwando na inda yake, ƙafa goma ta ragu da kaurin simintin da na yi sati biyu ina ba ruwa.

Na sauko na zauna cikin ruwan da ya kwanta bisa fili. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar da muka rufe mahaifina. Ba wanda ya ɗaga kwando a ƙasar nan, ba wanda ya sayi kowa. Yaro ya gaya mani gaskiya cikin ladabi, na kira shi matsoraci gaban abokansa.

Kuna tsammani na tashi na je na gaya mashi? Ina! Na kira mai walda da tsakar rana lokacin da ba kowa, na ce mashi turakun sun yi tsatsa, ya ƙara masu ƙarfe ya ɗaga allon. Na tsayar da gora ta zo daidai, na kama bakina. Na ce ma kaina ai abin ya riga ya wuce, faɗa ba za ta dawo da ƙungiya ba. Ƙarya nake. Sagir lokacin bai wuce ashirin da biyu ba, da na buɗe baki da an samu wanda ya sake gwada shi. Sunana nake ji, kada a ce Kawu Lawal mai awo da ido ya shekara da gajeren kwando. Matsoracin filin nan ni ne. Shi ya sa kuke ganina kowace Asabar da gora kuna mani dariya, alhali ba wanda awon zai ƙara amfana cikin waɗanda na cuta. Shekara tara in na shiga kasuwa zagaye layin 'yan yadi nake, ko kayan sallar iyalina aike nake yi.

Bara ciwo ya kwantar da ni wata biyu, har aka fara zuwa dubiya da irin fuskar nan da kowa ya sani. Da na miƙe na ce ba zan kai wannan magana kabari ba. Na shiga Babbar Kasuwa da hantsi. Mahaifinsa ya rasu, shagon ya dawo hannunsa. Ya yi jiki, ya tara gemu, yana tsaye yana auna ma wata mata shadda. Da ya gan ni ya saki yadin ya zagayo ya durƙusa kamar da.

"Kawu! Ikon Allah. Sannu da zuwa. Ya jiki? Na ji an ce ka kwanta, ina ta cewa zan zo."

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya kasuwa? Ya iyali? Ya haƙurin Alhaji?"

"Sai godiya, Kawu. Bismillah, zauna."

Ya ba ni kujerarsa, ya kawo mani ruwa. Na jira matar ta tafi, sannan na gaya mashi duka, daga magini har mai walda. Ina magana yana ninke shadda, ya ninke ya warware ya sake ninkewa. Da na yi shiru ya ce:

"Da nawa ya sauko?"

Na ɗaga yatsa huɗu. Ya ɗora nasa huɗun bisa tebur ya daɗe yana kallonsu.

"Ke nan da sun shiga."

"Da sun shiga, Sagir, duka biyun."

"Yaushe ka sani?"

Tambayar da nake gudu ke nan. Na ce, "Daminar shekarar."

Ya ɗago ya dube ni. Na so ya zage ni, wallahi na so. Bai yi ba.

"Baba bai taɓa yi mani gori ba, ko sau ɗaya," ya ce. "Amma har ya rasu, duk sanda za a je Kano ko Legas saro kaya, ƙanena yake aikawa. Yakan ce Sagir a bar shi gida, ba ya iya baƙon wuri. Ban taɓa yi mashi musu ba, Kawu, don ni ma abin da na sani ke nan."

Na ce, "Ka yafe mani don girman Allah."

"Na yafe, Kawu. Wa ya isa ya ƙi?" Ya mayar da shaddar bisa tebur. "Amma da ka bar ni da tsorona. Na riga na saba da shi, na san inda nake ajiye shi. Wannan da ka kawo mani yau, ina zan kai shi?"

Wata Hajiya ta tsaya bakin shago tana tambayar atamfa. Ya share fuska da hannun riga, ya juya mani baya.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Wace iri za a ba ki?"